Karatun Fahimtar Katolika: Da Wane Littafi Za A Fara?

In ka tambayi ɗan Katolika mai zurfin boko littafin da za ka karanta don ka fahimci addininsa, da wuya ya rufe baki bai ambaci ɗaya daga cikin mutum uku ba: G.K. Chesterton, ko C.S. Lewis, ko Scott Hahn. Na farkon ɗan jarida ne a Ingila, ya rasu a 1936. Na biyun malamin adabi ne a jami'o'in Oxford da Cambridge, kuma har ya bar duniya a 1963 bai shiga Katolika ba, ɗan cocin Anglika ne. Na ukun tsohon fasto ne Ba'amurke da ya koma Katolika a 1986, shi da matarsa suka rubuta labarin komawarsu a littafin Rome Sweet Home. Dukkansu gwanaye ne, ba a raina alƙalaminsu. Sai dai kowa da wanda yake yi wa magana. Chesterton da Lewis suna fama ne da Baturen da ya daina yarda akwai Allah, ko yake ganin kimiyya ta riga ta sallami addini. Mai karatu a Kano ko Jos ko Maraɗi ba nan ciwonsa yake ba. Shi tun yana goye ya san akwai Allah. In Musulmi ne, abin da ke ɗaure masa kai shi ne yadda za a ce Allah ɗaya ne kuma a ce Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da yadda za a ɗauki Annabi Isa a wuce da shi matsayin annabci. In kuwa ɗan ECWA ne ko COCIN ko EYN, tambayarsa daban: me ya kawo Maryamu da waliyyai cikin addu'a, wa ya ba Fafaroma wannan iko, me ya sa sai an je gaban Fada an furta zunubi, mutum-mutumin da ke cikin coci kuma na mene ne?

Shi ya sa nake ganin jerin da aka saba bayarwa a kife yake. Masu kare addini da iya magana ba su ne farkon karatu ba. Farkonsa shi ne abin da Ikilisiyar ta faɗa da bakinta. Mabiyanta sun kai kimanin biliyan 1.4, kusan rabin Kiristocin duniya ke nan, kuma a Arewa ba baƙuwa ba ce, tun 1907 limamanta suka kafa sansani a Shendam. Duk da haka yawancin abin da Bahaushe ya sani game da ita daga bakin abokan hamayyarta ya ji shi, ko dai kaset ɗin muhawara irin na Ahmed Deedat, ko wa'azin fastocin wasu ɗariku. Babu Musulmin da zai yarda a koyi Musulunci daga littafin mai sukarsa, kuma gaskiyarsa. To wannan adalcin shi ne a yi wa kowa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A fara da Littafi Mai Tsarki, amma kada a buɗe shafin farko a ce sai an kai ƙarshe. Masu yin haka galibi a Littafin Firistoci suke tsayawa, dokokin hadaya su gajiyar da su. Bisharar Luka ita ce ƙofar da ta fi sauƙi, musamman ga wanda ya san Suratu Maryam, domin surarta ta farko labarin Zakariya ne da haihuwar Yahaya da zuwan mala'ika wurin Maryamu. Surori 24 ne kacal, kuma a cikinta kaɗai ake samun misalin ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa ya dawo gida, da na Basamariyen da ya taimaki wanda 'yan fashi suka yi wa rauni. Daga nan sai Ayyukan Manzanni, wanda marubucinsu ɗaya da Luka, ya ba da labarin yadda jama'ar farko ta tashi daga Urushalima ta kai Roma. Sannan Bisharar Yahaya, inda maganar allahntakar Yesu ta fi fitowa fili. Wanda ke son ganin tushen rikicin Katolika da Furotesta a kan bangaskiya da aiki, ya ajiye wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa kusa da wasiƙar Yaƙub ya karanta su tare.

Akwai abu biyu da ya kamata a sani kafin a biya kuɗin littafin. Na Katolika littattafai 73 ne a ciki, na Furotesta 66. Sabon Alkawari duk ɗaya ne, 27. Bambancin yana Tsohon Alkawari, inda Katolika ke da ƙarin bakwai: Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. Sun zo ne ta tsohuwar fassarar Girkanci da Yahudawan Iskandariyya suka yi, tarukan bishop-bishop na Hippo a 393 da na Kartej a 397, dukkansu a Arewacin Afirka, suka lissafa su, sannan taron Trent ya tabbatar da su a 1546 bayan Martin Luther ya ware su gefe. Ba ƙaramin lamari ba ne, domin a Makabiyawa na biyu ne ake samun yi wa matattu addu'a, wanda Katolika ke kafa hujja da shi. Cikakkiyar fassarar Hausa ta farko, wadda ta fito a 1932 da hannun Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa a ciki, aikin 'yan mishan Furotesta ce. Saboda haka mai saye ya duba jerin littattafan da ke gaba, ya ga ko bakwai ɗin suna nan.

Abu na biyun ya fi wannan nauyi. Musulmi kan ɗauka matsayin Littafi Mai Tsarki a wurin Kirista daidai yake da na Alƙur'ani a wurinsa, daga nan yawancin muhawarori ke karkacewa. Katolika ba ta ce an saukar da shi kalma-kalma ba. Ta ce mutane ne suka rubuta shi da harsunansu da salonsu, Ruhun Allah yana bi da su. Kalmar Allah ta ainihi a wurinta Yesu ne da kansa, kuma littafin ana karanta shi ne tare da al'adar da aka gada daga manzanni, ƙarƙashin jagorancin bishop-bishop. Takardar da ta bayyana wannan ita ce Dei Verbum ta 1965, gajeriya ce, a zama ɗaya ake gama ta. Wanda ya karanta ta zai daina mamakin ganin malamin Katolika yana tattauna bambancin riwayar Markus da ta Yahaya hankalinsa kwance.

Littafi na biyu shi ne Katikisma na Ikilisiyar Katolika, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1992, bayan aikin shekara shida na wani kwamiti ƙarƙashin Kadinal Joseph Ratzinger. Sakin layi 2,865 ne, kowanne da lambarsa, an kasa su huɗu: abin da aka gaskata, ibadodi bakwai da ake kira sakramenti, halin rayuwa bisa Dokoki Goma, da addu'a. Ba littafin da ake karantawa a jere ba ne, na dubawa ne, kuma amfaninsa shi ne yana kashe gardamar "an ce". Maganar Allah ɗaya cikin uku tana daga lamba 232 zuwa 267. Ikon Fafaroma da iyakar abin da ake nufi da cewa ba ya kuskure suna tsakanin 880 da 892, kuma mai karatu zai tarar abin ya fi yadda ake yayatawa ƙunci nesa ba kusa ba: bai shafi ra'ayinsa na siyasa ko halinsa ba, sai lokacin da ya yanke hukunci na ƙarshe a kan aƙida ko ɗabi'a a madadin Ikilisiya duka. Lamba 971 ta raba girmama Maryamu da sujadar da ta ce ta Allah ce shi kaɗai. Ta 2132 ta yi bayanin hotuna da mutum-mutumi, 1030 zuwa 1032 kuma tsarkakewar bayan mutuwa. Mutum yana iya karantawa ya ce bai gamsu ba, amma dai ya san abin da bai gamsu da shi ba. Wanda ya ga littafin ya yi masa kauri ya nemi taƙaitaccensa, Compendium, na 2005, tambaya da amsa 598. Tsarin tambaya da amsa ba baƙo ba ne ga wanda ya yi makarantar Islamiyya ko ajin baftisma, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai farawa.

Musulmi kuwa ya tsaya a lamba 841, ya ga abin da Katolika ke koya wa 'ya'yanta game da shi. Ta ɗauko ne daga babban taron Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965 ya fitar da takardu 16. Mafi gajartarsu, Nostra Aetate, ta keɓe wa Musulmi sashe na uku, ta ce Ikilisiya tana dubansu da girmamawa, ta ambaci bautarsu ga Allah ɗaya, da girmama Isa da Maryamu, da salla da zakka da azumi, ta kuma nemi a bar gabar da ta wuce. Ba ta ce komai a kan annabcin Annabi Muhammadu ba, kuma wannan shirun da gangan ne. Minti goma sun isa a karanta ta, amma mutane da yawa da ke hawa mumbari a ɓangarorin biyu ba su taɓa gani ba.

Bayan wannan sai a koma baya da nisa, kuma nan ne na fi son mai karatu ya daɗe. Ana yawan kiran Kiristanci addinin Bature, alhali manyan da suka gina tunanin Katolika a ƙarnonin farko da yawansu 'yan Arewacin Afirka ne. Babbansu Agustin. An haife shi a 354 a garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, Annaba ta yau, mayaƙan Bandal sun kewaye garin. Littafinsa Confessions, wato furci ko iƙirari, ya rubuta shi wajen shekarar 397 zuwa 400, kuma daga farko har ƙarshe da Allah yake magana, mai karatu saurare kawai yake yi. Ya faɗi yadda shi da abokansa suka saci 'ya'yan itace suna samari, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu, ya tsaya yana tuhumar kansa me ya sa mutum ke jin daɗin laifi don kawai laifi ne. Ya faɗi shekara tara da ya yi cikin ɗarikar Mani, da matar da ya zauna da ita ba aure ta haifa masa ɗa, da yadda aka raba su don a nema masa auren da ya dace da muƙaminsa, da uwarsa Monika wadda ta bi shi da kuka da addu'a har Italiya. A Milan wa'azin Bishop Ambros ya kama shi, aka yi masa baftisma a 387, a hanyar komawa gida uwar ta rasu a tashar jiragen ruwa ta Ostiya.

Wanda ya karanta Al-Munƙiz minad Dalal na Imam Gazali zai ji kamar ya san wannan muryar: malami a ƙololuwar ɗaukaka, ilmi ya cika kai, zuciya ba ta natsu ba. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne darasin. Agustin ya nace cewa matsalar ɗan Adam ba rashin sanin daidai ba ce, ya sani sarai, nufinsa ne ya karye, ba ya iya miƙewa sai alherin Allah ya riga shi. Koyarwar zunubin asali ke nan, da koyarwar alheri, kuma duk mahangar Kirista game da mutum a kansu ta tsaya. Wanda bai gane wannan ba, ba zai taɓa gane abin da ya sa Kirista yake ganin ana bukatar mai ceto ba, ba mai gargaɗi kaɗai ba. Littafin kashi 13 ne. Tara na farko su ne labarin, su za a karanta. Huɗun ƙarshe falsafa ce a kan tunawa da lokaci da halitta, ana iya jinkirta su. Babban littafinsa kuwa, City of God, wanda ya fara bayan an washe birnin Roma a 410, kashi 22 ne, ba na mai farawa ba ne. Fafaroman yanzu, Leo na Goma Sha Huɗu, wanda aka zaɓa a watan Mayun 2025, ɗan ƙungiyar limaman da ke bin tafarkin Agustin ne, don haka za a daɗe ana jin sunan nan.

A kan tambayar da ta fi damun Musulmi, amsar Kirista mafi tsufa kuma mafi kai tsaye tana cikin ɗan littafin Atanasiyus na Iskandariyya, On the Incarnation, wato a kan zaman Kalma mutum. Shi ne ya tsaya kai da fata a kan matsayar taron Nikiya na 325, wanda ya ƙi koyarwar Ariyus cewa Ɗan halitta ne, aka kore shi daga kujerarsa sau biyar a kan haka. Littafin bai kai shafi ɗari ba. Ga ɗan Furotesta kuma, maimakon labarin sauya sheƙar wani Ba'amurke, gara ya karanta wasiƙu bakwai na Ignatiyus na Antakiya, waɗanda ya rubuta a farkon ƙarni na biyu ana tafiya da shi Roma a kashe shi, da bayanin Jastin Shahidi na yadda ake ibadar Lahadi wajen shekarar 155. Zai ga bishop, zai ga gurasa da ruwan inabi ana ɗaukarsu jiki da jinin Almasihu, tun kafin a haifi Sarki Konstantin da ake ɗora wa alhakin komai.

Sai dai zai lura kuma da abin da babu. Ba zai ga aƙidar cewa an ɗauki cikin Maryamu ba tare da zunubin asali ba, wadda aka ayyana a 1854, ko ta rashin kuskuren Fafaroma ta 1870, ko ta ɗauke Maryamu zuwa sama ta 1950. A ƙasar da aka yi shekara da shekaru ana gardama a kan bidi'a, wannan tambayar ba ta bukatar a koya wa kowa ita. Wanda ya fuskance ta da gaske shi ne John Henry Newman, limamin Anglika a Oxford, a littafinsa An Essay on the Development of Christian Doctrine. Ya zauna ya binciki yadda za a bambance koyarwar da ta girma daga tushenta da wadda ta lalace, ya kafa alamomi bakwai na ganewa, kafin littafin ya fito a 1845 shi kansa ya koma Katolika. Turancinsa na da ne, jimlolinsa dogaye, amma duk hujjar da masu kare Katolika na yau ke kawowa a wannan fagen daga rumbunsa suka ɗebo. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, a nan ne gardamar take.

Toma Akwinas, wanda ya rayu daga 1225 zuwa 1274, ba a tsallake sunansa, amma kada kowa ya ruɗi mai farawa ya sayi Summa Theologiae. Mas'aloli ne sama da 500, shi kansa bai gama ba. Abin sha'awa a wurinsa tsarin ne: sai ya fara jero hujjojin abokin hamayya da ƙarfinsu, sannan ya faɗi nasa, ya dawo ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin ilmin kalam zai tarar da Ibn Sina da Ibn Rushd da Gazali a shafukansa, wani wuri yana ɗauka daga gare su, wani wuri yana ja da su. Ya ce hankali yana iya kai mutum ga sanin akwai Allah kuma ɗaya ne, amma maganar uku cikin ɗaya hankali ba ya iya tabbatar da ita, sai wahayi. Yana kuma da kalamai masu zafi a kan Musulunci irin na zamanin yaƙin 'yan Salibiyya, gara a sani tun da wuri. A karanta 'yan shafukan hanyoyi biyar na tabbatar da samuwar Allah, sauran a bari sai an samu malami.

Yanzu ne lokacin Turawan da muka fara da su. Mere Christianity na Lewis, wanda ya fito a 1952, asalinsa jawabai ne da ya yi a gidan rediyon BBC lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa yake shiga kunne. Shi da kansa ya kwatanta littafin da zaure: wuri ne na shigowa, ɗakunan kwana suna ciki, kuma ba a tarewa a zaure. Bai taɓa Maryamu ko Fafaroma ba da gangan, don haka Kiristancin da kowa ya yarda da shi zai koya maka, ba Katolika ba. Shahararriyar hujjarsa, cewa mai faɗin abin da Yesu ya faɗa game da kansa ko dai maƙaryaci ne, ko mahaukaci, ko kuwa Ubangiji, ba ta kama Musulmi, domin shi tambayarsa ita ce ko Isa ya faɗi hakan ma tukuna. Chesterton a Orthodoxy na 1908 da The Everlasting Man na 1925 akwai ban dariya da kaifin basira, amma yakan ci gardama da salon magana inda hujja ta gaza, kuma abin da ya rubuta game da Yahudawa da mutanen Gabas bai tsufa da kyau ba. Ni da za a bi tawa, Theology for Beginners na Frank Sheed ya fi su amfani ga mai neman bayanin aƙida dalla-dalla. Introduction to Christianity na Ratzinger, na 1968, duk da sunansa ba na share fage ba ne, laccocin jami'ar Tübingen ne a Jamus. Musulmi da yawa ba su san Ratzinger ba sai ta jawabinsa na Regensburg a 2006 da ya tayar da ƙura, amma littattafansa uku a kan Yesu Banazare sun fi nuna ko shi wane ne.

Littattafan ibada da gyaran zuciya suna da yawa, biyu sun isa. The Imitation of Christ na ƙarni na 15 wa'azin gudun duniya ne wanda mai karanta littattafan zuhudu ba zai ji shi baƙo ba. Story of a Soul kuma na Teresa ta Lisieux ne, 'yar Faransa da ta rasu a 1897 tana da shekara 24, wadda ta ce tsarki yana cikin ƙananan ayyukan yau da kullum.

Mahangar Katolika game da kuɗi da mulki da ƙasa tana cikin wasiƙun fafaromomi. Rerum Novarum ta Leo na Goma Sha Uku, 1891, ta kare haƙƙin mallaka, ta kuma ce dole a biya ma'aikaci abin da zai riƙe iyalinsa, a bar shi ya shiga ƙungiya. Laudato Si' ta Fafaroma Francis, 2015, a kan muhalli ce, kuma wanda ke ganin hamada tana cin gonarsa zai ga da shi ake. Fratelli Tutti ta 2020 ta fito fili ta ce ganawar Francis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, a Abu Dhabi a 2019 tana cikin abin da ya zaburar da shi. Humanae Vitae ta 1968, wadda ta hana magungunan hana ɗaukar ciki, ita ce wadda 'yan Katolika da kansu suka fi saɓa wa, a karanta ta don a ga inda koyarwa da aiki suka raba hanya.

Kada a raina ƙagaggun labarai, domin sukan faɗi abin da Katikisma ba zai faɗa ba. The Power and the Glory na Graham Greene, 1940, labarin wani Fada ne mashayi, mai 'yar gaba da fatiha, ana farautarsa a Meziko lokacin da gwamnati ta haramta coci, ga tsoro ga rauni, amma ya kasa daina kai wa mutane ibada. Tsohuwar matsayar Agustin ce aka sa wa nama da jini: ingancin sakramenti bai rataya a kan tsarkin mai bayarwa ba. Silence na Shusaku Endo, 1966, ya kai mu Japan ta ƙarni na 17, inda aka ce wa wani limami ya taka hoton Almasihu ko a ci gaba da azabtar da mabiyansa. Daga gida kuwa akwai Le Pauvre Christ de Bomba na Mongo Beti ɗan Kamaru, 1956, wanda ya yi wa mishan zamanin mulkin mallaka tsirara, da Purple Hibiscus na Chimamanda Adichie, inda uba mai tsananin ibada yake dukan iyalinsa a Enugu, ƙanwarsa kuma a Nsukka tana bin addinin guda cikin raha da waƙa.

Wanda ya tsaya a littattafan masoya ya ji rabin zance. Saints and Sinners na Eamon Duffy, masanin tarihi a Cambridge kuma ɗan Katolika, ya bi tarihin fafaromomi bai ɓoye irin su Alekzanda na Shida ba, wanda ya yi ta naɗa 'ya'yansa a muƙamai. Amin Maalouf ɗan Lebanon ya ba da labarin yaƙin Salibiyya daga bakin marubutan Larabawa a The Crusades Through Arab Eyes. Ba kuma tsohon tarihi kaɗai ba: kwamitin bincike mai zaman kansa a Faransa ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kimanin 216,000 ne limamai da 'yan ƙungiyoyin zuhudu na coci suka ci zarafinsu tun daga 1950. Bishop-bishop na ƙasar ne suka nemi a yi binciken, wannan ma a rubuta musu, amma bai rage munin abin ba. A kan nahiyarmu akwai The Church in Africa na Adrian Hastings, da Christianity in Northern Nigeria na E.P.T. Crampton, da Religion, Politics and Power in Northern Nigeria na Matthew Hassan Kukah, wanda ya fito a 1993, shekaru kafin ya zama bishop na Sakkwato a 2011. Sai Lamin Sanneh ɗan Gambiya, wanda ya tashi a gidan Musulmi ya zama Katolika ya koyar a jami'ar Yale har rasuwarsa a 2019. Tarihin rayuwarsa, Summoned from the Margin, ya fi duk labaran sauya sheƙar Turawa kusa da duniyar da muka sani, kuma bai zagi gidan da ya fito ba.

Takardun Vatikan duka, har da Katikisma da Compendium, suna shafin fadar na intanet kyauta da Turanci da Faransanci. Agustin da Atanasiyus da Newman ma tsofaffin fassarorinsu ba sa bukatar ko kwabo. Wanda lokacinsa bai wuce na littafi uku ba, ya ɗauki Bisharar Luka, da Compendium, da kashi tara na farko na Confessions, a wannan jerin.

Cikas ɗin da ya rage na harshe ne. In ka cire Littafi Mai Tsarki da littattafan waƙoƙi da addu'o'i da ƙananan katikisma, kusan duk abin da aka ambata a nan sai mai Turanci ko Faransanci, alhali a ƙauyukan Kaduna da Filato da Adamawa da Hausa ake ibadar Mas, da Hausa katikis yake koyarwa. Bishop-bishop na lardunan Kaduna da Jos suna da limamai masu digirin Latin da falsafa waɗanda da Hausa suka tashi. Su ware biyu ko uku daga cikinsu, su ba su lokaci da kuɗin bugu, su fassara Nostra Aetate da Dei Verbum da Confessions, a kai su kasuwa a farashin da ɗalibi zai iya saya.